Ƙwan Kwaɗo a Zauren Baduku

Mahaifina baduku ne a Gwandu, ubansa ma baduku ne, ni kuma ɗansa na fari. Waɗannan abubuwa su suka haɗu suka sa na kai shekara ashirin da biyu a duniya ban san ko fushi yake yi da ni ba. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya jansa da hira, ba ya yabonsa a gaban mutane. Alkunya ce, kowa ya san da ita. In yana son magana da ni sai ya ce "kai", in kuma maganata yake yi da wani sai ya ce "wancan". To amma ni na ƙara wa abin gishiri, domin na bar masa basilla da fata na bi boko har na zama malamin makaranta, ƙanena ne ya zauna a zaure ya gaji ɗinki. Saboda haka duk lokacin da ya yi shiru sai in rasa ganewa, kunya ce ko ɓacin rai. Bai taɓa hana ni ba. Bai kuma taɓa tambayata abin da nake koya wa 'ya'yan mutane ba, ko sau ɗaya, kuma wannan rashin tambayar ya fi ci mini rai a kan a ce zagina ya yi.

An tura ni koyarwa Kalgo a tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da yara suka yi yawa a makarantu, malamai suka yi kaɗan. Aka ba ni aji shida, aka ce in haɗa har da darasin halittu. Littafi ɗaya ne a hannuna, bangonsa ya fita, a cikinsa kuma akwai wani shafi mai zanen ƙwan kwaɗo. Zane na farko ƙwallo ne guda. Na biyu an ja masa layi a tsakiya ya zama gida biyu, na uku gida huɗu, na gaba gida takwas, a haka har a kai ga ɗan kwaɗo mai jela. Bayanin da ke ƙasa gajere ne, wai ƙwan yakan yi ta rabuwa. Yadda yake rabuwar kuwa, marubucin ya bar wa cikinsa.

Ni a lokacin ina ji da kaina, ga farar riga, ga biro biyu a aljihu, ban ga abin da zai gagare ni ba. Sai na ƙirƙiro dabara. Ranar darasin na sayo gauta a kasuwa, na zo da wuƙa, na tsaya gaban aji na raba gautar biyu, na sake rabawa ta zama huɗu, na gitta wuƙa ta zama takwas. Na ce, "Kun gani? Haka ƙwan kwaɗo ke yi." Yara suka ji daɗin darasin ƙwarai, tun da su ke cinye gautar. Ana cikin haka wata yarinya 'yar masunta, daga bencin baya, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to cikin ruwa wa ka riƙe da wuƙar?" Aji ya fashe da dariya. Na daka mata tsawa, na ce haka littafi ya ce, ta zauna. Ta zauna ɗin, amma tambayar ta bi ni har ɗaki, don na san ba ni da amsa, na kuma san tsawar ta borin kunya ce.

Da ruwa ya sauka na ce sai na gani da idona. Neman kwaɗo a Kalgo da damina ba wahala ba ne, hana shi kuka ne wahala. Kowane kududdufi da kowane lungu na fadama cike yake da su. Ƙwansu yana zuwa ne a jere cikin wani zare mai yauƙi, garai-garai, baƙaƙe ƙanana kamar 'ya'yan carbi, zaren ya nannaɗe a jikin ciyawa. A akwatin makaranta akwai wani madubin ƙara girma mai ƙafa uku, wanda tun da aka kawo shi ba a taɓa kwance takardarsa ba. Na roƙi hedimasta ya ba ni aro, ya ba ni yana kallona kamar ina shirin haukacewa.

Sati biyu ina ɗebo ƙwai a hanyar makaranta ina dubawa lokacin hutun ƙarfe tara, ban ga komai ba. Ƙwan sumul yake, babu layi babu tsaga. Sai in ce bai fara ba tukuna, in zauna in tsare shi har yamma, washegari in tarar ya miƙe ya yi tsawo. Na yi fushi har na fara cewa masu littafin ƙarya suke yi. Ashe ni ne nake makara. Ƙwan da nake ɗebowa ya riga ya rabu, ya sake rabuwa, ya yi ta rabuwa har gidajen suka yi ƙanƙanta, fuskarsa ta koma sumul kamar ba a taɓa ta ba. Ina zuwa ne bayan an tashi daga kasuwa, ina cewa ba a ci ba.

Abin da ya fitar da ni wata Asabar ce. An kwana ana ruwa, na fito daga sallar asuba na bi ta bakin wani kududdufi, sai na ga kwaɗi biyu, namijin ɗan ƙarami a kan bayan macen, zaren ƙwai na fitowa a lokacin. Na tsuguna na yanki ƙarshen da ya fi kusa da ita, tun da shi ne sabo. Na sa shi a farin faranti da ɗan ruwan kududdufin, na zauna a ƙofar ɗakina na ɗora madubi. Kowane ƙwai samansa baƙi ne, ƙasansa da ɗan haske, kuma ko ka juya shi sai ya komo da baƙin sama. Na fi awa ɗaya ina kallo, wuyana ya ƙage. Can sai na ga tsakiyar baƙin nan na ƙwai ɗaya ya ɗan lotsa. Lotsawar ta zama layi, layin ya yi ta tsawo ta gefe biyu yana gangarawa ƙasa, yana ƙara zurfi. Kafin in ɗago kai na kusa da shi ma ya fara, sai na gaba, sai duk jerin, kusan lokaci ɗaya. Na yi salati ni kaɗai a ƙofar ɗaki.

Ban san dalili ba, amma wanda ya fara faɗo mini a rai mahaifina ne, ba 'yan ajina ba. Shi mutum ne da ba ya ɗaukar abu da muhimmanci sai in ido ya gani ko hannu ya taɓa. Takarda da allon bango da alli, duk a wajensa surutu ne. Sai na ji ga abu ɗaya daga cikin aikina da zan iya ajiye masa a gaba in ce, ga irin abin da nake yi, duba. Akwai kuma abin da ya sa na ji gaggawa. Zuwana gida na ƙarshe mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce idon Baba ya fara yana, ƙanena ke zura masa zare, kuma ya yi wata biyu bai karɓi aikin kowa da hannunsa ba. Na lissafa na ga in ban nuna masa a wannan daminar ba, wata daminar sai dai labari.

Yunƙurina na farko wauta ce tsagwaronta. Na sami sabon ƙwai wata Juma'a, na zuba a kwalba, na hau mota zuwa Birnin Kebbi, na jira ta Gwandu ta cika. Muka tsaya Kambaza aka sauke buhuna aka ɗora wasu, ni ina rungume da kwalba a ƙirji, wata tsohuwa a gefena tana tambayata ko magani ne. Kafin mu isa la'asar ta yi, ruwan ya ɗumama, ƙwan ya wuce duk inda ake ganin wani abu. Na zaga bayan gida na zubar, na shiga na gaishe su kamar ziyara kawai na zo. Na koma Kalgo ina jin haushin kaina, don ni da kaina na san abin ba ya jiran kowa.

Sai da aka yi dogon hutu na dawo gida da madubin a cikin akwatina. Akwai wani kududdufi a bayan unguwarmu, inda ake haƙar ƙasar gini, tafiyar da ba ta kai minti goma ba. Duk ranar da aka kwana ana ruwa, ina idar da asuba sai in nufi can. Mutane suka fara magana. Wani abokin Baba ya tare ni a hanya ya ce, "Malam, an ce gwamnati ta ɗauke ka aikin ƙidayar kwaɗi?" Na yi yaƙe na wuce. Sau huɗu ina dawowa hannu wofi, a na biyar na dace da mace tana cikin sakin ƙwai.

Na shigo gida da sauri na ɗauki farantin tangaran na mahaifiyata, wanda take adanawa don baƙi. Ta fito daga madafa ta gan ni ina juye abin a ciki, ta riƙe haɓa.

"Mi ni ka gani haka? Ƙwan kwaɗo cikin hwarantina? Karatun ke nan?"

Na ce, "Inna, zan wanke miki."

"Wanke mi? Ka riƙe shi, na bar maka. Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe, amma kai ban san wanda ka biyo ba."

Baba yana zaure, a wurin zamansa na kullum, kan buzu, kusa da ƙofa inda haske ke shigowa. Ƙanena yana gefe yana yankan jar fata za a yi gafaka. Zauren yana warin da na tashi da shi, na jemammiyar fata da man shanu da karan dafin rini. Hannun Baba ba komai a ciki sai carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye farantin a dokin ƙofa inda rana ke faɗowa a karkace, na ɗora madubi. Na ce, "Baba, wani abu na kawo ka gani. Cikin abin da nika karantar da yara na."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Ƙanena ya leƙo ya yi dariya ya koma kan fatarsa. Muka zauna jiran ƙwai, ni da mahaifina, kusan awa guda. Ban taɓa zama kusa da shi haka ba tun ina yaro. Da na ga lotsawar ta fara sai na ce, "Ga shi nan, Baba, diba, ya hwara." Na matsa masa.

Ya ajiye carbi, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya sunkuya ya sa idon dama. Ya daɗe. Ya juya ya sa na hagu. Ya ja farantin ya ƙara kusantar rana, ya goge idonsa da bakin riga, ya sake sunkuyawa. Ni ina ta zuba, ina cewa ka ga tsakiya, ka ga layin, ka ga yana sauka. Sai ya ɗago ya koma ya jingina da bango.

"Ban ga komi ba. Duhu-duhu dai."

Duk lissafina na daminar bana da ta baɗi ashe banza ne, na riga na makara tun kafin in fara. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na sa tsoho ya sunkuya a gaban ƙanena ya tona asirin idonsa, don kawai ina son a yabe ni. Ƙanena ya daina yanka, ya sunkuyar da kai. Na kai hannu zan ɗauke farantin in fita.

Baba ya ce, "Bar shi nan. Kai da kaka gani, hwaɗa min. Mi shika yi?"

Na koma na sa ido. Na ce ƙwan yana tsagewa daga sama, kamar an ɗora masa wuƙa ana yankawa a hankali.

"Bakin wurin, sumul shike ko ƙaƙa?"

Na duba da kyau. Ni dai na sha ganin wurin a Kalgo, amma ban taɓa kula ba, domin littafi bai zana shi ba. A gefe da gefen layin akwai wasu 'yan ƙananan tattara, sirara, da kyar ake ganinsu sai hasken ya faɗo a karkace. Na gaya masa.

"Tattarar, bin layin ta yi ko gitta shi ta yi?"

Na ce gittawa ta yi, daga layin take fita dama da hagu.

Ya yi wani ɗan murmushi. Ya miƙa hannu bayansa ba tare da ya waiwaya ba, ya lalubo wata tsohuwar zabira da ke rataye, ya ce in miƙo hannuna. Ya ɗora yatsuna a bakinta, ya ja zariyar a hankali. Na ji fatar tana tattarewa a ƙarƙashin yatsuna, ninki-ninki, kowane ninki ya gitta hanyar zariyar.

"Shekara hamsin ina yankan hwata, wuƙa ba ta taɓa bar min tattara ba. Wanga ba yanka ba na. Tsukewa ta. Kana ganin igiyar daga waje?"

Na ce babu komai a waje sai yauƙin da ƙwan ke ciki, shi ma bai taɓa jikinsa ba.

"To tana ciki. Ƙarƙashin hwatar take, an bi da ita awa zariyar wando."

Wata huɗu ina fama da tambayar yarinyar nan, ga amsa ta fito daga bakin mutumin da ko ƙwan bai gani ba. Ina cikin wannan sai ya sake tambaya, yanzu muryarsa ta koma irin wadda yake yi wa mai kawo aiki, in yana son ya san girman kube ko faɗin gafaka. Ya ce layin ya kai ƙasa? Na kwantar da kai na duba ta gefe, na ce a sama ya yi sauri, amma da ya shiga wurin mai haske ya rage gudu, yana ta jan jiki. Ya tambayi abin da ke ƙasan. Na ce gwaiduwa ce, abincin ɗan, a nan ta taru. Ya gyaɗa kai, ya ce kowane baduku ya san jaka ta fi saurin tsukewa inda ba kaya, inda kaya suka taru sai an ja da ƙarfi.

Kafin layin farko ya gama haɗewa a ƙasa, na biyu ya fara daga sama, ya gitta na farko. Ina faɗa masa yana bi da yatsa a kan gwiwarsa. Sai ya tsaya yana murza bakin zabirar. Can ya ce akwai abin da bai gane ba. Ya ce in ka ɗauki jaka guda cike da kaya ka tsuke ta a tsakiya don ta zama biyu, fatar ba za ta isa ba, domin jaka biyu sun fi jaka ɗaya cin fata. Ko dai ta yage, ko kuwa a yi mata ƙari.

"Diba cikin ramin na hwarko, can ciki. Launinai ɗaya da na waje?"

Na gyara farantin rana ta shiga cikin ramin. Bangon ramin, can ciki, ba baƙi ba ne. Wani haske-haske ne da shi, kamar sabon ƙyalle a jikin tsohuwar riga. Na ce, "Baba, hwari-hwari na."

Ya buga cinyarsa. "Ai na hwaɗi! Ƙari anka yi. Sabuwar hwata ta." Ya juya wajen ƙanena, ba wajena ba, ya ce, "Kana ji? Ɗunki ba zare a waje, ga ƙari ba a ga maho ba. Tsarki ya tabbata ga Mai wanga aiki." Ƙanena ya taso shi ma ya sa ido, ya daɗe bai ɗago ba.

Mun zauna har layi na uku ya fito, wanda ba daga sama yake sauka ba, kewaya ƙwan yake yi kamar ɗamara, ya ɗan fi kusa da sama, har gidajen sama huɗu suka fi na ƙasa ƙanƙanta. Baba ya sa na maimaita masa wannan sau biyu. Daga nan abin ya fara yi wa idona yawa, rana ta yi zafi, Inna ta aiko da kunu. Yana shan kunun, kansa a sunkuye, ya tambaye ni yadda nake nuna wa yara wannan abu. Na so in ɓoye, amma na faɗa masa gaskiya, gauta da wuƙa. Ƙanena ya kusa ƙwarewa don dariya. Baba bai yi dariya ba, cewa kawai ya yi, "Ka cuci ɗiyan mutane." Sannan ya tambayi yawansu, da ko na bayan aji suna hango abin da ke hannuna. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Shekaru bayan haka, da na koma ƙarin karatu, na karanta abin a manyan littattafai. Akwai wasu zarurruka sirara ƙwarai, waɗanda sai da babban madubi ake ganinsu, suna jeruwa a ƙarƙashin fatar ƙwan daidai inda ramin zai bi, su yi ta tsukewa. Kuma ƙwan yana fito da sabuwar fata daga cikinsa yana shimfiɗawa a bangon ramin, ba ta da baƙin launin ta waje. Na karanta wurin a ɗakin karatu na rufe littafin na yi zaune. Ba zan ce Baba ya san abin da masanan suka sani ba, bai san sunan komai a ciki ba, kuma da an ce masa ƙwayar halitta da ya ce ta gero ko ta dawa. Abin da ya sani shi ne halin fata in an ja ta. Ni kuwa ina da ido biyu lafiyayyu da madubi, amma na yi ta kallon tattarar nan ina wuce ta, saboda na riga na yanke wa kaina cewa wuƙa ce.

Sauran hutun bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ya koma "kai" da "wancan", na koma gaisuwa in wuce. Sai dai na lura ya daina zama bakin ƙofa, ya koma can cikin zaure ya ba mutane baya, kuma in na shigo sai ya ja buzu ya rufe wani abu. Na tambayi ƙanena, ya ce an hana shi faɗa. Abin da kawai ya gaya mini shi ne Baba ya karɓi basillarsa, kuma ba ya yarda a taɓa masa komai sai zura zare.

Ranar da zan koma Kalgo na ɗaure akwati na shiga sallama. Ya amsa, ya yi mini addu'ar hanya kamar kullum. Na yunƙura zan tashi sai ya ɗaga buzun ya turo mini abin da bayan hannunsa, bai dube ni ba.

Ƙwallo ne na fata, ya kai girman ƙaramar ƙwarya, yadda na bayan aji zai hango. Samansa baƙar fata, ƙasansa fara. Ya cusa audugar rimi a sama, ya zuba yashi a ƙasa, har in ka ajiye shi ko ta yaya sai ya mirgino baƙin ya koma sama. A gindinsa wata 'yar igiya ta leƙo. Ya ce in ja. Na ja a hankali, sai tsakiyar baƙin ya lotsa, rami ya fara sauka ta gefe biyu, fatar tana tattarewa dama da hagu, da ya kai wajen yashin ya yi tauri sai da na ƙara ƙarfi. A cikin ramin kuma wani ninki ya buɗe, farar fata sabuwa da ya ɓoye a ciki.

Na juya shi a hannuna na ga ɗinkin. Mahaifina mutum ne da ake zuwa daga nesa don ɗinkinsa, in ya jera zare sai ka rantse da ma'auni ya yi. Wannan kuwa wani taki dogo wani gajere, layin ya kauce ya dawo, a wuri biyu basilla ta huda inda ba a nufa ba. A jikin farar fatar akwai ɗigo-ɗigon jini da ya bushe. Na dubi yatsunsa, ya tura su cikin hannun riga.

Ƙanena ya ce a hankali, in na bar masa kwana ɗaya zai warware ya mayar da ɗinkin daidai. Na ce a'a, na sa ƙwallon cikin rigata.

Baba ya lalubi carbinsa. Har na kai bakin ƙofa ya ce, "Kai." Na juyo.

"In sun tambaya, kak ka ce ni niɗ ɗunka. Ɗunkin ya karkace."

Na ce to. Wannan ne aikinsa na ƙarshe, kafin wata daminar ko ƙofar zaure sai an riƙe masa hannu. Ban cika saɓa wa maganarsa ba a rayuwata, amma wannan na saɓa mata da gangan. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, kuma duk ajin da na ja igiyar nan a gabansa, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba, sai na gaya musu babana ne ya ɗinka, kuma ba ya gani lokacin da yake ɗinkawa.